Hanyar Wanke Kwanon Rufi da Sauran Ƙarfe Mai Tutiya da Yi Masa Fenti

Gabatarwa

A yawancin garuruwa da ƙauyukanmu, kwano ne rufin gidaje, makarantun firamare, ɗakunan shan magani da rumfunan kasuwa. Haka kuma tankunan rijiyoyin burtsatse, bututun famfo, wayar shinge da turakun fitilu masu aiki da hasken rana, da yawansu an yi su ne da ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya, wanda 'yan kasuwa da masu walda ke kira galbanaiz. Sau da yawa mukan ga an kashe kuɗi an yi wa irin wannan ƙarfe fenti, amma kafin damina biyu ta wuce sai fentin ya ɗago, ya riƙa zuba kamar saɓar maciji. Akasari abubuwa biyu ne ke jawo wannan asara: rashin wanke ƙarfen yadda ya kamata, da shafa masa fentin da bai dace da tutiya ba. A wannan shafi za mu bayyana yadda za a kauce wa duka biyun.

Mene ne ƙarfe mai tutiya?

A masana'anta akan tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kimanin digiri 450 a ma'aunin Salshiyas, sai ta manne masa ta zame masa riga. Wannan dabara ta fara bazuwa ne daga ƙasar Faransa a shekarun 1830. Tutiyar tana kare ƙarfe ta hanya biyu. Da farko tana hana ruwa da iska isa gare shi. Na biyu, ko da an sami ɗan ƙarzane, tutiyar da ke kewaye da wurin ce za ta fara cinyewa kafin ƙarfen ya yi tsatsa. Saboda haka duk aikin da zai kankare tutiyar, ɓarna ce ko da an yi shi da niyyar gyara.

Idan ana shakkar ko kwanon na ƙarfe ne ko na alminiyon, a gwada shi da maganaɗisu: yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyon. Bayanin da ke nan ya shafi kwanon ƙarfe ne wanda ba a yi wa launi tun daga masana'anta ba.

Dalilin da ya sa fenti ke saɓulewa

Sabon kwano yakan zo da ɗan maiƙo ko wani sinadari da masana'anta ke shafawa don kada ya lalace a wurin ajiya, ga shi kuma da santsi. Fenti ba ya kama irin wannan jiki. Sa'an nan kuma fentin mai, wato mai sheƙin nan da aka saba yi wa ƙofofi da tagogi, ba ya jituwa da tutiya. Idan suka haɗu, wani abu mai kama da sabulu yakan taru a tsakaninsu, ya raba fentin da ƙarfen. Jan fentin hana tsatsa da masu walda ke shafa wa baƙin ƙarfe, mafi yawansa na mai ne, don haka shi ma bai dace a shafa shi kai tsaye a kan tutiya ba.

A fara duba halin da ƙarfen yake ciki

Kafin a sayi ko da gwangwani ɗaya, wajibi ne a san wane iri ake da shi daga cikin waɗannan:

1. Sabo mai ƙyalli. Shi ne mafi wuyar kama fenti. Idan babu gaggawa, ya fi kyau a bar shi ya sha rana da ruwan sama na kimanin shekara ɗaya.
2. Wanda ya dushe ya koma ruwan toka. Wannan ya yi wa kansa wata fata mai ƙarfi da ɗan kaushi, shi ne kuma ya fi karɓar fenti. Wanki kawai yake bukata.
3. Mai farin gari a jiki. Hakan na faruwa idan an jibge kwanuka a kan juna ruwa ya shiga tsakaninsu babu iska. Dole a goge garin tsaf.
4. Mai jar tsatsa. Alama ce cewa tutiyar ta ƙare a wannan wuri, sai an gyara shi daban.

Kwanon da ya huje ko ya yi laushi saboda tsatsa, canza shi ake yi. Fenti ba ya toshe yoyo.

Yadda ake wankewa

A share ƙura, ganye da kashin tsuntsaye, a yashe indararo, a danne ƙusoshin da suka ɗago. A dama garin sabulun wanki cikin bokitin ruwa, a cuɗa ƙarfen da soso ko burushin roba, ana bin kwarin kwanon daga sama zuwa ƙasa. A ɗauraye da ruwa mai tsabta har sai babu sauran kumfa, domin sabulun da ya bushe a jiki shi ma yana hana fenti kamawa.

Bayan haka a yayyafa ruwa a duba. Idan ya baje ya jiƙa ƙarfen, maiƙon ya fita. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, a sake wankewa. Sabon kwano da mai farin gari, ana iya goge su da tsumma da aka jiƙa da ruwan khal, a ɗauraye, sa'an nan a bi sabon da sanfefa mai laushi a hankali, don a kashe santsinsa kawai.

Muna jan hankalin jama'a da kada a yi amfani da ruwan batir ko sodar haɗa sabulu, domin dukansu suna cinye tutiya. Burushin waya kuma a taƙaita shi ga wuraren da suka yi jar tsatsa. Can za a kankare har ƙarfe ya fito fes, a share garin, a shafa fenti mai ɗauke da garin tutiya a wannan rana. Haka za a yi wa duk inda aka yi walda ko aka yanka, saboda wuta da zarto suna cire tutiyar.

Zaɓen fenti da shafa shi

Shafi na farko, wanda masu fenti ke kira firaima, shi ne ginshiƙin aikin. A nemi wanda aka rubuta ƙarara a gwangwaninsa cewa an yi shi ne don ƙarfe mai tutiya. Akwai na ruwa mai suna akirilik, akwai mai ɗan tsami da ke cizon ƙarfe, akwai kuma efoksi da ake haɗa gwangwani biyu, wanda ya fi dacewa da manyan ayyuka kamar hasumiyar tanki. A shafa shi da zarar ƙarfen ya bushe sarai, kada a bari kwana ya wuce ƙura ta sake sauka.

Idan ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a gwangwani, sai a bi da fentin waje da ya dace da firaimar, shafi biyu marasa kauri. Kada a tsinka fenti da kananzir ko fetur don ya yi auki. Lita ɗaya kan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi guda, kwano mai tudu da kwari kuma ya fi cin fenti. Fari da sauran launuka masu haske suna mayar da zafin rana, don haka sun fi dacewa da azuzuwa da ɗakunan marasa lafiya.

Kafin a shiga babban aiki, a gwada a ɗan wuri. Bayan mako guda a tsaga fentin da reza, layuka a tsaye da a kwance, a manna salatif a fizge. Idan fentin ya biyo shi, akwai gyara a wankin ko a irin fentin.

Lokacin da ya dace

A yankinmu, lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi. A bazara kwano yakan yi zafin da fenti zai bushe kafin ya kama. A yi aiki da hantsi bayan raɓa ta bushe, ko da la'asar. Idan tafin hannu ba zai iya zama a kan kwanon ba, a dakata.

Kiyaye lafiya

Mai hawa rufi ya taka layin ƙusoshi inda katako yake a ƙasa, ko ya shimfiɗa falanki, ya kuma yi nesa da wayoyin lantarki. Jiƙaƙƙen kwano mai sabulu yana da santsi ƙwarai, don haka a samu mai riƙe tsani.

Hayaƙin waldar ƙarfe mai tutiya yana kawo zazzaɓi, ciwon jiki da tari bayan 'yan sa'o'i. Shan madara ba ya kare mutum daga wannan. A yi waldar a fili, iska na kaɗa hayaƙin nesa da fuska.

Wasu fentocin ƙarfe, musamman tsofaffi, suna ɗauke da dalma, wadda guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara. Idan za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi tukuna, a rufe hanci da baki, a nisanta yara da mata masu juna biyu, a tattara ɓarɓashin kada kaji da dabbobi su ci. Gidajen da ke tarar ruwan indararo su tabbatar fentin ba shi da dalma, su kuma bar ruwan sama na farko-farko ya zube. Cikin tankin ruwan sha kuwa, ba a shafa masa komai sai fentin da aka yi musamman don ruwan sha.

Ga jami'ai da kwamitocin unguwa

Duk takardar kwangilar fentin rufi ko tanki ta fayyace wanki, gyaran tsatsa, sunan firaima da yawan shafi. A ga gwangwanayen a rufe kafin a buɗe su, a kuma duba aikin bayan wanki da bayan shafin farko, domin da zarar launi ya hau, ba a gane abin da ke ƙarƙashinsa. Yana da kyau a riƙe wani kaso na kuɗin har damina ɗaya ta wuce. A wurin ajiya, a ɗora kwanuka a kan katako, a ɗan karkace, nesa da takin zamani da jiƙaƙƙen siminti.

Masana harkar ƙarfe sun tabbatar cewa idan tutiya da fenti suka haɗu daidai, kowane yana kare ɗan'uwansa, har ƙarfen ya daɗe fiye da jimillar shekarun da kowannensu zai kare shi shi kaɗai. Abin da ya rage bayan haka shi ne a riƙa duba rufin sau ɗaya a shekara bayan damina, a wanke ƙura, a taɓa wuraren da suka ƙarje tun suna ƙanana.