Daga Peugeot zuwa Starlet a titunan Yamai

A Yamai, mai neman ƙaramar mota ba ya tambaya ko tana lalacewa, don rairayi, zafin bazara da ramukan damina ba sa barin kowace. Tambayarsa ita ce: in ta tsaya, akwai kayanta a kasuwa? Ƙanen mahaifina, wanda ya tsufa a gareji, da wannan ma'auni yake auna kowace mota, kuma ina ganin da shi garin ya yi ta zaɓen motocinsa.

A shekarun 1970 da 1980, Peugeot ce sarauniya, 404 sannan 504. Samarin Turai kan sayi tsohuwa a Faransa ko Jamus, su ratso Aljeriya ta Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, Arlit da Agadas, su sayar a Yamai su hau jirgi su koma. Motar da ta tsallake Sahara da ƙafafunta ba ta buƙatar wani shaida. Ga kuma masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975, kayan gyara na kwararowa ta iyaka. Injin 504 ba shi da ɓoye-ɓoye. Yaron gareji kan kwance karbirato, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar kafin maigida ya gama shan shayi.

Abubuwa biyu suka karya wannan zamani. Tawayen arewa da rikicin Aljeriya sun toshe hanyar hamada a farkon shekarun 1990. Sai Janairun 1994, aka rage darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk ƙarfen da ke zuwa sabo daga Faransa ya ninka kuɗi a dare ɗaya, albashi kuwa bai bi shi ba.

Daga nan ido ya koma Kwatano. Tsofaffin motocin Turai na sauka a tashar jirgin ruwa, a koro su fiye da kilomita 1,000 ta Malanbil da Gaya da Doso. Cikinsu Toyota Starlet da Corolla suka mamaye aikin taksi, ga su nan da jan rufi. Starlet ba ta da kyan gani, kujerar baya kuwa azaba ce ga dogon mutum, amma ba ta shan mai, kuma kowace da ta mutu tana ciyar da 'yan uwanta: a yanka ta, inji da giya da ƙofofi su koma rumfunan 'yan tsohon ƙarfe. Tun 1999 aka daina ƙera ta, amma mai ita kan gyara ta da 'yan jikkuna ya koma aiki ran nan.

Na bayanta, irin su Yaris, sun zo da kwamfuta a ciki. Fitila ta kama a gaban direba, sai an nemo mai na'ura, a biya shi kafin ma a san cutar. Baffana ya ce shi da kunne ya koyi aiki, wannan ba tasa ba ce.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, da rakiyar soja. Kayan gyara sun yi tsada, jira ya yi tsawo, masu tsofaffin Starlet da suka yi niyyar sayarwa da yawa sun fasa.