Kasuwanci ta intanet daga Ƙofar Doka: abin da fiƙihu da dokar ƙasa suka ɗora wa mai sayarwa

Ƙofar Doka ce mashigar mafi yawan masu zuwa birnin Zazzau daga ɓangaren Tudun Wada, kuma ta nan kaya suka saba shiga da fita. A yau wani kaso na cinikin da ake ƙullawa a cikin ganuwa ba ya isa ƙofar sai a matakinsa na ƙarshe. Hoton hula ko turaren wuta ya fita ta WhatsApp, kuɗi su shigo ta asusun banki, sannan mai Keke Napep ya ɗauki ƙulli ya kai tasha. Mai sayarwa da mai saye ba su taɓa haɗuwa ba, ƙila ma har abada ba za su haɗu ba.

Wannan sauyi ya buɗe ƙofa ga mutanen da kasuwar da ba ta yi wa wuri ba: matan aure da ke sana'a a cikin gida, ɗaliban Samaru da Kongo, da matashin da ba shi da kuɗin hayar shago a Sabon Gari. Sai dai ya kawar da abin da tsohuwar kasuwa ta tsaya a kai, wato sanin inda za a samu mutum idan ciniki ya lalace.

Wanda ya saba tsayawa tsakani

Kasuwancin nesa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Fataken goro da na shanu sun daɗe suna mu'amala da mutanen da ba su sani ba, amma kullum akwai wanda ke tsaye tsakani. Dillali yana karɓar la'ada saboda ya san ɓangarorin biyu, kuma sunansa ne zai ɓaci idan aka cuci ɗaya. Masanin nan Abner Cohen, a nazarinsa kan unguwar Sabo ta Ibadan da aka buga a 1969, ya nuna yadda masu masaukin fatake suke lamunce bashin shanu, har su biya daga aljihunsu idan mai saye ya gaza. A cikin gidaje kuwa dillaliya ce ke yawo da zannuwa da kwanuka, kuma kowa ya san gidan da take kwana.

Shafin Instagram ba shi da zaure, ba shi da mai unguwa. Ana iya buɗe shi yau, a sauya masa suna gobe, a rufe shi jibi. Saboda haka aikin da dillali da unguwa suke yi a da ya dawo kan mai sayarwa: shi zai bayyana kansa, ya bayyana kayansa, ya kuma bar hanyar da za a kama shi da alhaki. Kusan duk abin da doka ta tanada a wannan fage yana komawa ga waɗannan ne.

Sayen abin da ba a gani ba

Wanda ya yi karatun zaure a Zariya ya san malaman Malikiyya sun tattauna wannan mas'ala tun ƙarnoni da dama kafin a ƙera wayar salula. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a matakin farko na fiƙihu, ta halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki matuƙar an siffanta shi, ta kuma taƙaita shardanta biyan kuɗi tun kafin kayan su iso, sai idan wurin na kusa ne ko kayan ba masu saurin sauyawa ba ne. Babin ciniki na littafin ya hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya. A irin wannan ciniki siffar da aka bayar ita ce alkawarin. Idan kayan suka zo daidai da ita ciniki ya tabbata, idan suka saɓa mai saye yana da zaɓi.

A intanet hoto shi ne siffar. A ɗauki babbar riga, sana'ar da birnin Zazzau ya yi suna da ita. Aska takwas ta ɗinkin hannu takan bi ta hannun tela da mai zane da mai surfani da mabugi, kuma tana cin makonni, wani lokaci watanni. Ta ɗinkin keke ana gama ta cikin kwanaki. A ƙaramin allon waya, bayan an gyara hasken hoto, wanda ba gwani ba zai yi wuya ya bambance su. Haka shadda: tsakanin gezna ta asali, wadda ake saƙawa a Ostiriya, da kwaikwayonta akwai tazarar kuɗi mai yawa, amma a hoto duka suna sheƙi. Mai sayarwa da ya yi shiru ya bar mai saye da zatonsa zai iya cewa bai furta ƙarya ba, sai dai shirun nasa ne ya ci kuɗin. Mafi yawan rigingimun wannan kasuwa daga nan suke tasowa, musamman inda aka ɗauko hoto daga shafin wani aka ɗora kamar kayan suna hannu.

Abin da dokar 2018 ta ce

Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ba ta ware babban kamfani daga mai sayar da humra a ɗakinta ba. Sashe na 115 ya buƙaci a bayyana farashin duk kayan da aka baje don sayarwa, abin da ke sa ayar tambaya kan al'adar ɗora hoto a ce sai an tuntuɓi mai shafi kafin a ji kuɗi. Wannan al'ada, a ganina, ba ta da wani amfani illa ba mai sayarwa damar duba hoton mai tambaya kafin ya yanka masa farashi. Sashe na 117 ya wajabta sanar da mai saye idan kayan na hannu ne ko gyararru, batun da ya fi shafar masu sayar da waya da kwamfuta. Sashe na 118 ya yi maganar ba da rubutacciyar shaidar ciniki.

Sashe na 122 ne ya fi dacewa da kasuwar intanet. Ya ba mai saye haƙƙin mayar da kaya a biya shi kuɗinsa cikakke idan bai samu damar duba su kafin a kawo ba, kuma suka saɓa wa siffa ko samfurin da aka nuna masa, muddin ya ƙi karɓa cikin lokacin da ya dace. Don haka rubutun nan da ake liƙawa a saman shafi, cewa ba a mayar da kaya ba a mayar da kuɗi, ba ya soke haƙƙin da doka ta bayar, kuma hukumar ta sha faɗin haka. Hukuncin keta haƙƙin mai saye ga mutum ɗaya yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5, ko tarar naira miliyan 10, ko duka biyun.

A aikace, wanda aka cuta a kan atamfar naira dubu 20 da wuya ya bi doguwar hanyar shigar da ƙorafi, ko da yake hukumar tana karɓar ƙorafi ta intanet. Abin da ya fi faruwa shi ne ya ɗora hotunan hirarsu a Facebook, kuma wannan kotun ba ta sauraren ɓangare na biyu.

Suna, rajista da asusu

A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wanda ke kasuwanci da wani suna da ba nasa na gaskiya ba dole ya yi wa sunan rajista a Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC, cikin kwana 28 da fara aiki. Wanda ke amfani da ainihin sunansa kawai ba a ɗora masa wannan ba. Rajista ba shaidar gaskiya ba ce, domin 'yan damfara ma suna yi. Amfaninta shi ne kowa na iya bincika sunan a shafin hukumar, kuma tana ba da damar buɗe asusun banki da sunan kasuwancin. Babu abin da ke korar mai saye mai hankali kamar a ce shafi yana da suna ɗaya, lambar waya tana nuna wani, asusun da aka turo kuma na mutum na uku ne. Sau da yawa bayanin ba ya wuce cewa asusun mijinta ne ko na ƙaninta, amma mai saye a Fatakwal ba shi da hanyar tabbatarwa, kuma idan rigima ta tashi mai asusun ne za a nema.

Talla

Fiƙihu ya hana najashu, wato mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani ya ƙara kuɗi. Sigarsa ta zamani ita ce sayen mabiya na bogi, da sa 'yan'uwa su rubuta yabo kamar kwastomomi ne, da ƙirƙirar hirar godiya a ɗora a matsayin shaida. Akwai kuma biyan wanda ya shahara a TikTok ya yabi kayan da bai taɓa amfani da su ba, ba tare da ya faɗa wa mabiyansa cewa talla yake yi ba. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta shafi tallan shafukan sada zumunta, kuma hukumar tana buƙatar a tantance talla kafin a sake shi. Ko tana da ma'aikatan da za su bi miliyoyin shafuka, wannan wata magana ce.

Inda abin ya wuce asarar kuɗi ya kai ga lafiya shi ne kayan ci da na shafawa da magungunan gargajiya. Waɗannan suna buƙatar rajistar NAFDAC, tallansu ma yana buƙatar amincewarta. Man sauya launin fata da ake haɗawa a gida a zuba a roba marar suna, da kayan mata, da haɗin ƙiba ko rage ta, suna cikin abubuwan da suka fi ciniki a wannan kasuwa, kuma su ne mai saye ya fi jahiltar abin da ke cikinsu. Mai sayarwar ma sau da yawa ba ta sani ba, domin sari ta yi daga wata.

Kuɗi da aika kaya

Sauya fasalin naira da Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoba 2022, da ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo baya a farkon 2023, sun tilasta wa ƙananan 'yan kasuwa karɓar tiransifa, kuma a lokacin ne OPay da Moniepoint da PalmPay suka ƙara shiga kasuwanni. Tare da su alat na bogi ya yawaita. A nan mai sayarwa ne abin cuta, kuma maganin ɗaya ne: kada kaya su fita sai an ga kuɗin a cikin asusu ta manhajar banki. Saƙon tes ko hoton rasit da mai saye ya turo ba hujja ba ne.

Kafin alƙalami kuwa amana ce. Tela da ya karɓi rabin kuɗi a Azumi ya yi alkawarin Sallah, alhali ya san aikin da ke gabansa ya fi ƙarfinsa, ya riga ya shiga matsala tun ranar da ya karɓa. Doka ta bambanta wanda ya gaza cika alkawari da wanda ya karɓi kuɗi bisa ƙarya tun farko. Na biyun ya faɗa ƙarƙashin dokar zamba cikin aminci ta 2006, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Abin da kan jawo na farko kusa da na biyu a idon mai bincike shi ne kashe waya da toshe lambar mai saye.

Yawancin kaya daga Zariya direbobin haya ne ke kai su, a ba da ƙulli a tasha a karɓi lambar direba. Hanya ce mai araha da sauri, amma babu inshora, sau da yawa babu takarda. Kamata ya yi tun kafin a tura kuɗi a rubuta a cikin hirar wa zai biya kuɗin mota, da kuma wa zai ɗauki asara idan kaya suka ɓace ko kwalba ta fashe. Ɗaukar bidiyon kayan lokacin da ake ɗaure su yana kashe rabin gardama.

Lambar mutane da dandalin wasu

Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yuni 2023 ta shafi duk wanda ke tara sunaye da lambobi da adireshin kwastomomi. Lambar da aka bayar don a kawo kaya ba izini ba ce na jefa mai ita cikin zauren talla na WhatsApp, balle a sayar da ita. Haka ɗora hoton rasit mai ɗauke da cikakken sunan mai saye, ko wallafa hoton wadda ake bi bashi don a kunyata ta. Ga ƙananan masu riƙe bayanai tara na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Shi kansa dandalin ba mallakar ɗan kasuwa ba ne. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 an katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. A Yuli 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, kuma a taƙaddamar da ta biyo baya kamfanin ya yi barazanar janye wasu ayyukansa daga Najeriya. Ko ba wannan, ana sace shafuka kullum, ɓarawon ya ci gaba da karɓar kuɗi da sunan mai shafin. Wanda duk lissafin odarsa yake cikin hirar waya ɗaya, ranar da wayar ta ɓata ba zai san wa ya biya ba, wa yake jiran kaya ba. Littafin rubutu mai ɗauke da suna da kwanan wata da abin da aka biya da ranar alkawari, da lamba ta biyu da kwastomomi suka sani, da makullin tabbatarwa mai mataki biyu a kan kowane shafi, su ne za su ba shi damar kiran mutanen da yake riƙe da kuɗinsu a wannan ranar.