Issaka Daboré, ɗan damben da ya kawo wa Nijar tagullar farko

A 1940 aka haifi Issaka Daboré a Dingazi Banda, yammacin Nijar, shekarar da Faransa mai mulkin ƙasar ita kanta ta sha ƙasa. Cikin watan Yuni sojojin Hitila suka shiga Paris. Janar de Gaulle ya tsallaka Landan, ranar 18 ga wata ya yi kira ta rediyon BBC da a ci gaba da yaƙi. Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta amsa kiran a watan Agusta, Nijar kuwa ta zauna hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai bin Hitila. Sai ga Maraɗi da Katsina, masu cin kasuwa ɗaya, sun wayi gari ƙarƙashin Turawa biyu masu hararar juna.

Yaron da aka haifa cikin wannan ruɗani ya tashi a ƙasar da kokowa ce sarauniyar wasanni, amma shi damben zamani ya zaɓa, na safar hannu da alƙalai masu ƙirga maki.

Shekara huɗu bayan samun ƴancin kai, a 1964, Nijar ta fara zuwa gasar Olamfik a Tokyo. Ɗan wasa ɗaya tal ta tura, shi ne Daboré. Ya je Meziko a 1968, ya dawo hannu rabbana. Da wani ne, da ya haƙura daga nan.

A Munich, 1972, yana da shekara 32, ya shiga ajin kilo 63.5. Ya yi ta ture abokan karawa har wasan kusa da na ƙarshe, inda Angel Angelov na Bulgeriya ya tsayar da shi. A dambe, duk wanda ya faɗi a nan tagulla tasa ce, don haka shi da Zvonimir Vujin na Yugoslabiya kowa ya sami tasa, Ray Seales na Amurka ya ɗauke zinare. Sai dai hankalin duniya yana kan harin 5 ga Satumba da ya ci ran ƴan tawagar Isra'ila 11, a gida kuma fari ya fara cin dabbobi.

Tagullar da ya dawo da ita Yamai, zamanin shugaba Diori Hamani, ta shekara 44 ba ta da ƙanwa, sai a 2016 da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a takwando a Rio. Daboré yana raye ya ga wannan rana. Ya rasu a watan Disamba 2021, yana da shekara 81.