Littafi a Hannun Yaro Lokacin Dogon Hutu: Tarihin Shirin Karatun Bazara a Amurka

A shekarar da na yi hidimar ƙasa an tura ni koyarwa wata makarantar firamare ta ƙauye, aka ba ni aji huɗu. Cikin ɗalibaina akwai wata yarinya 'yar shekara goma, wadda a makon ƙarshe na watan Yuli ta tsaya gaban aji ta karanta shafi guda cur ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Na sa aka tafa mata. Da aka dawo daga dogon hutu a watan Satumba sai aka ce in bi su zuwa aji biyar. Ran farko na miƙa mata wannan littafin, na buɗe mata wannan shafin. Ta ɗora yatsa kan layin farko tana haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙetare rafi a kan duwatsu. Na tambaye ta me ta karanta a hutu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai littattafan a makaranta ake barin su." Makonni bakwai ta yi tsakanin gona da tallar gyaɗa, idonta bai sauka kan rubutun boko ba.

Wannan amsa ce ta sa na shiga neman ko akwai wata al'umma da ta taɓa cin karo da irin wannan matsala, da kuma yadda ta yi da ita. Neman ya kai ni ga tarihin wani shiri da ɗakunan karatu na jama'a a Amurka suka shafe fiye da shekara 120 suna gudanarwa: shirin karatun yara na kyauta a lokacin hutun bazara. Bazararsu takan faɗo ne daga watan Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da mu muke cikin damina, kuma a cikinta ne makarantunsu ke rufewa har na tsawon makonni goma ko fiye.

Ana yawan cewa an ƙirƙiro wannan hutu ne domin yara su taya iyayensu aikin gona, amma masana tarihin ilimi sun nuna ba haka abin yake ba. A ƙarni na 19, yaran karkara a Amurka sukan yi makaranta ne da hunturu da kuma tsakiyar bazara, a sallame su lokacin shuka da na girbi. Makarantun manyan birane kuwa kusan duk shekara a buɗe suke. Abin da ya haifar da dogon hutu shi ne tsananin zafin birane, da tsoron cututtuka masu yaɗuwa a azuzuwan da babu iska, da ƙaurar masu hali zuwa wurare masu sanyi, da kuma ra'ayin wasu likitoci da malamai cewa yawan karatu yana gajiyar da ƙwaƙwalwar yaro. Da hutun ya kankama, sai ɗan mai kuɗi ya tafi bakin teku, ɗan baƙin haure mai aiki a masana'anta kuwa ya rage a kan titi, ba makaranta, ba abin yi.

A daidai wannan zamani ne ɗakunan karatu na jama'a ke yaɗuwa. Babban wanda ya ɗauki nauyin yaɗuwarsu shi ne Andrew Carnegie, attajirin ƙarafa, wanda aka haifa a Sikotland a 1835, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1848. Yana yaro ɗan aike a birnin Pittsburgh, wani mutum mai suna Kanar James Anderson ya riƙa buɗe wa yara ma'aikata taskar littattafansa kowace Asabar su ara. Carnegie bai manta da wannan alheri ba. Tsakanin 1883 da 1929 an gina ɗakunan karatu 2,509 da kuɗinsa a faɗin duniya, 1,689 daga cikinsu a Amurka. Sai dai akwai abin mamaki: da yawa daga cikin ɗakunan karatu na wancan ƙarni ba sa barin yaro ya shiga sai ya kai shekara 12 ko 14. Ana ganin yara masu surutu ne, masu dattin hannu, masu yaga takarda.

Mata ne mafi yawan waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. A Hartford ta jihar Connecticut, Caroline Hewins ta kama aikin kula da ɗakin karatu a 1875, ta yi shekara hamsin a kansa. A 1882 ta wallafa jerin sunayen littattafan da suka dace da yara, kuma kafin ƙarshen ƙarnin ta fara tara su kowane mako a lokacin hutu, tana hira da su a kan littattafai. A Cleveland ta jihar Ohio, Linda Eastman ta rarraba wa makarantu jerin littattafai a 1895, tana kira ga yara su zo su ara su karanta kafin a koma aji. Masu tarihi da dama daga nan suke ƙidaya farkon shirin karatun bazara. Bayan shekara biyu aka kafa ƙungiyar yara masu karatu a birnin, inda kowane yaro ke alkawarin kula da tsabtar hannunsa da ta littafin da ya ara, dubban yara kuma suka shiga. Ita Eastman daga baya ta shugabanci dukkan ɗakunan karatun birnin daga 1918 zuwa 1938. A New York kuwa, Anne Carroll Moore, wadda ta karɓi ragamar sashen yara a 1906, ta yi tsayin daka har aka soke dokar shekaru, ya zama yaron da ya iya rubuta sunansa a rijista ya cancanci ya tafi gida da littafi.

Ba da jimawa ba suka gane cewa buɗe ƙofa kaɗai bai isa ba, domin akwai yaron da ƙofar ta yi wa nisa. A Pittsburgh, Frances Jenkins Olcott, wadda ta shugabanci sashen yara daga 1898, ta riƙa aika littattafai zuwa filayen wasa inda yara ke wuni a lokacin hutu, ta kuma ajiye ƙananan akwatunan littattafai a gidajen talakawa, yaran unguwa su taru kowane mako a karanta musu. A 1905 Mary Titcomb ta jihar Maryland ta sa aka ƙera keken doki mai kantoci, ana loda masa littattafai yana bin gonaki gida-gida. Wannan keke shi ne kakan motocin littattafai da har yau ke zagaya unguwanni a ƙasar. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, tun farkon tafiya waɗannan mata ba su zauna suna zargin iyaye da sakaci ba. Sun ɗauki littafin sun kai shi inda yaron yake.

Amma tarihin bai tsira daga tabo ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A jihohin kudancin Amurka, dokokin wariyar launin fata sun hana baƙar fata shiga mafi yawan ɗakunan karatu na jama'a, alhali da harajinsu ake gudanar da su. Inda aka tausaya, sai a buɗe musu reshe na dabam, kamar wanda aka buɗe a Louisville ta jihar Kentucky a 1905. A wurare da yawa ko wannan babu. Ranar 21 ga Agusta, 1939, wasu samari baƙar fata biyar suka shiga ɗakin karatu na Alexandria a jihar Virginia, suka nemi katin aro, aka hana su, kowannensu ya ɗauki littafi ya zauna shiru yana karantawa har 'yan sanda suka zo suka kama su. A 1959, wani yaro ɗan shekara tara mai suna Ronald McNair ya ƙi fita daga ɗakin karatu na garin Lake City a jihar South Carolina sai an ba shi aron littattafan da ya zaɓa. Aka kira 'yan sanda, aka kira mahaifiyarsa, daga ƙarshe aka bar shi ya tafi da su. Wannan yaro ya girma ya zama masanin kimiyyar fiziks kuma ɗan sama-jannati, ya rasu a hatsarin kumbon Challenger a 1986, kuma yau ginin da aka so korarsa daga ciki sunansa yake ɗauke da shi. Sai a 1964 dokar 'yancin jama'a ta haramta wariya a irin waɗannan wurare. A bazarar wannan shekarar ce kuma masu fafutuka suka buɗe makarantun hutu kimanin 40 a jihar Mississippi, mafi yawa a cikin majami'u, tare da ƙananan ɗakunan karatu na littattafan gudummawa. Shekaru kusan saba'in ke nan ana kiran shirin na kyauta ga kowa, alhali akwai miliyoyin yaran da kalmar "kowa" ba ta haɗa da su ba.

Har zuwa wannan lokaci, masu shirin da yaƙini kawai suke aiki, ba su da hujjar bincike. Hujjar ta zo a 1978, sa'ad da Barbara Heyns ta wallafa sakamakon bibiyar da ta yi wa ɗalibai kusan 3,000 a birnin Atlanta. Ta gano cewa a lokacin da makaranta ke buɗe, ɗan talaka da ɗan mai hali suna ci gaba kusan kafaɗa da kafaɗa, amma a hutu tazara ke buɗewa, kuma yawan littattafan da yaro ya karanta a hutun shi ne abin da ya fi nuna yadda zai dawo. A 1982 Karl Alexander da Doris Entwisle suka fara bin diddigin yara kimanin 800 a Baltimore tun daga aji ɗaya. Suka kwatanta makaranta da famfo: muddin yana buɗe kowa na sha, idan aka rufe shi kuwa sai mai rijiya a gida. A 2007 suka bayyana cewa kusan kashi biyu cikin uku na tazarar karatu da ke tsakanin 'ya'yan talakawa da na masu hali a aji tara, daga hutun bazara ta taru. Wasu masu bincike na baya-bayan nan, irin su Paul von Hippel, sun ƙalubalanci girman wannan adadi, suna cewa irin jarrabawar da aka auna yaran da ita ta ƙara wa abin gishiri, kuma mafi yawan tazarar tun kafin shiga makaranta take samuwa. Muhawarar ba ta ƙare ba. Abin da ba a musu a kansa shi ne, yaron da ba shi da littafi ba zai karanta ba.

Akwai kuma suka daga cikin gida. Tun farkon ƙarni na 20 ma'aikatan ɗakunan karatu ke jayayya kan kyaututtuka da takardun yabo da ake ba wanda ya fi yawan littattafai. Wasu na ganin hakan na jawo yaro, wasu na ganin yana koya masa zaɓen littafi mafi siranta don ya cika adadi. Suka mafi nauyi ita ce, sau da yawa yaran da ke zuwa shirin su ne waɗanda dama suke karatu, masu iyayen da ke da mota da lokacin kawo su. Amsar wannan ta zo ta hanyoyi biyu. A 1966 Margaret McNamara ta kafa ƙungiyar Reading Is Fundamental a Washington, bayan ta lura cewa yaran da take koya wa karatu ba su taɓa mallakar littafi nasu na kansu ba. Manufarta ita ce yaro ya zaɓa da kansa, littafin kuma ya zama nasa. A 2010 Richard Allington da Anne McGill-Franzen suka wallafa gwajin da suka yi a jihar Florida, inda aka bar 'ya'yan talakawa suka zaɓi littattafai 12 kowace shekara suka tafi da su hutu, har shekara uku. Yaran suka fi takwarorinsu da ba a ba su ba a jarrabawar karatu, da kuɗin da bai kai na buɗe makarantar hutu ba. Hanya ta biyu ita ce ta ciki. A 1968 gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyar da yara a lokacin hutu, domin wanda ya dogara da abincin makaranta yunwa ke jiransa idan an rufe ta, kuma yau ɗakunan karatu da yawa suna raba abincin rana tare da littafi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Shirin ya ƙetara teku. A Birtaniya, tun 1999 ake gudanar da gasar karatun bazara, inda ake ƙarfafa wa yaro gwiwa ya karanta littattafai shida kafin a koma makaranta. A Amurka kuwa da wuya a sami ɗakin karatu na jama'a da ba ya yin wani nau'i na shirin.

Idan na waiwayi wannan tarihi, ba na ganin wata dabara guda da wani gwani ya ƙirƙiro rana ɗaya. Abin da nake gani shi ne, a kowane zamani akwai yaron da aka bari a waje, ko don ƙanƙantarsa, ko don nisan gidansu, ko don launin fatarsa, ko don yunwa, kuma sai wani ya lura da shi ya dage kafin a gyara. Mafi yawan masu lurar ba masu mulki ba ne. Ma'aikatan ɗakin karatu ne masu ƙaramin albashi, da malamai, wani lokaci ma shi yaron da kansa, kamar ɗan shekara taran nan da ya ƙi sauka daga kan bakansa.

Ƙauyen da na yi hidima ba shi da ɗakin karatu, ba shi da Carnegie. Amma akwatin da Olcott ta ajiye a gidajen Pittsburgh bai fi ƙarfin malamin firamare ba. Kafin in bar garin na roƙi abokaina na jami'a suka tara mini tsofaffin littattafan labarai 43, na Hausa da na Turanci, na zuba su a kwali na kai ɗakin wata malama da ke zaune a cikin garin, da ƙaramin littafin rijista wanda duk mai aro zai rubuta sunansa da hannunsa. A watan Agustan da ya biyo baya malamar ta kira ni a waya. Ta ce littattafai huɗu sun ɓata, biyu ruwan sama ya jiƙa su, sunan yarinyar nan kuwa ya fito a rijista sau tara.