Zamanin da Ake Karanta Izinin Folda da Lamba

Masu kula da sabar imel ta kamfanoni da suka shiga aikin bayan fitowar Exchange 2010 sun tarar da umarnin Get-MailboxFolderPermission a shirye, layi guda da ke jero waɗanda aka bai wa izini a kan wata folda a akwatin saƙon ma'aikaci, kuma wannan sauƙi ya sa da yawansu ke ɗaukar abin da allo ya nuna musu a matsayin ƙarshen magana. Tsofaffin hannu da suka sha fama da Exchange 5.5 na shekarar 1997 ba sa sakin jiki haka, domin a zamaninsu izini lamba ce da ake cirowa daga teburin izini ta MAPI, wato hanyar da Outlook ke magana da sabar, sannan a warware ta da ka. Damar karantawa tana da ƙimar 1, ta ƙirƙirar saƙo 2, ta goge saƙon kowa 64, ta ganin foldar kanta 1024, saboda haka matsayin da ake kira Reviewer bai wuce 1025 ba, kuma wanda ya ga 1024 ita kaɗai ya san cewa mutumin yana ganin foldar amma ba zai iya karanta abin da ke ciki ba.

Abin da ya fi horar da tsofaffin hannun shi ne faifan M, wanda Exchange 2000 ya zo da shi, inda rumbun saƙonni ke bayyana tamkar faifan kwamfuta na yau da kullum. Duk wanda ya gyara izini daga nan ta Windows Explorer sai ya hargitsa jerin, saboda Windows yana sa hani gaba da yarjewa, alhali Exchange yana da nasa tsarin jerawa, sai a wayi gari an rufe wa mutane foldar da suke da haƙƙin shiga. Microsoft ya ɓoye faifan a Exchange 2003, amma gyaran ɓarnar ya faɗa kan PFDAVAdmin, wata ƙaramar manhaja da ke shiga rumbun ta hanyar sadarwa ta WebDAV, kuma a nan aka koyi ɗabi'ar da ta cancanci alfahari: ba a taɓa izini sai an fara kwashe dukkansa zuwa fayil an adana. Da aka cire WebDAV a Exchange 2010 manhajar ta koma gefe, ExFolders ta gaje ta, ɗabi'ar kuwa ba ta sami magaji ba.

Abin takaici a rahotannin sababbin shiga shi ne yadda suke tsallake layin Default na jerin izinin folda, wanda ya shafi duk ma'aikacin da ba a ambaci sunansa ba, kuma suke mantawa cewa wanda aka bai wa cikakkiyar dama a kan akwatin baki ɗaya ba ya fitowa a jerin izinin folda, ko da kuwa yana buɗe kowace folda da ke cikinsa.