Amfanin sanyin hunturu ga garake da daji a ƙasar Tsauni

A Tsauni, cikin gundumar Kance ta jahar Damagaram, sanyi yana shigowa a watan Nuwamba, ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu, sannan ya ja baya a ƙarshen Fabrairu. A Faransa da Maroko sanyi da ruwan sama tare suke zuwa. A nan kuwa sun rabu: ruwa yana sauka daga Yuni zuwa Satumba, ya kwanta cikin fadamu da tafkunan yankin Korama, sanyi ya biyo baya. Mai garka yana buƙatar duka biyun.

Kayan lambu da yawa ba sa jure zafin dare. Dankalin turawa yana rage yin ƴaƴa a ƙasa idan zafin dare ya wuce digiri 20. Furen tumatir yakan kaɗe idan rana ta yi tsanani kuma dare bai huce ba. Salati ya yi ɗaci, ya fidda kai. Shu da karas da alkama su ma sanyi ne lokacinsu. Shi ya sa wanda ya makara da dashe har zafin Maris ya riske shi yakan ga ganye lif, amma amfani kaɗan. Bayan farin 1984 ne gwamnatin Janar Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani a faɗin Nijar, kuma a kan waɗannan watanni aka gina shi.

Sanyi yana tsimin ruwa. Ƙasa ba ta saurin bushewa, tafki ba ya saurin ƙafewa, don haka ban ruwa ya ragu, kuɗin man inji ma ya ragu. Yana kuma rage saurin hayayyafar ƙwari, ciki har da tsutsar tumatir mai suna Tuta absoluta, wadda ta lalata gonakin Kano da Kaduna a 2016.

Itatuwa ma suna da rabonsu. Sanyin dare da rashin ruwan sama ne ke sa mangwaro ya yi fure. Gawo, wanda manoman Matamaye da Magariya da Mirya suka raya da yawa cikin gonakinsu, a wannan lokaci yake da ganye, daga baya ƴaƴansa su ciyar da bisashe sa'ad da ciyawa ta ƙare. Tsuntsayen da suka gudo wa ƙanƙarar Turai kuma suna sauka a tafkunan Sahel su yi watanni.

Matsalar ita ce Sahel na ƙara ɗumama. Idan damina ta gaza, rijiyoyin garka sukan janye tun sanyi bai wuce ba. Idan sanyi ya gajarta, kwanakin shuka sun ragu. Abin da ke hannun manomi shi ne zuba iri tun Oktoba, yin dashe a Nuwamba, rufe gindin shuka da kara ko ciyawa, da barin gawo ya girma a gona.