Jirgin Turamen Dutse da Ya Kwana Shekara 750 a Teku

A tsakiyar ƙarni na 13, zamanin Sarki Henry na Uku, wani jirgin ruwa maƙare da duwatsu ya nutse a kusa da bakin tashar Poole, a kudancin Ingila. Bai ko yi nisa da gaɓa ba. Nan ya kwanta a cikin yashi, har wani matuƙin kwale-kwale na yankin ya ja hankalin masana daga Jami'ar Bournemouth, su kuma suka tura masu nutso suka duba.

Sun tarar da turame, manya-manya, na dutse, waɗanda ake daka da niƙa a cikinsu. Da su aka yi wa jirgin laƙabi. Sai tukwanen girki na ma'aikatan jirgin, sai kuma faffaɗan duwatsun rufe kabari, da zanen gicciye a jikinsu raɗau kamar jiya aka sassaƙa.

Dutsen na Purbeck ne, wanda ake haƙowa a kewayen ƙauyen Corfe. Cike yake da ɓawon ƙananan dodon koɗi da suka daskare tun fil azal, kuma in ya sha guga sai ya yi sheƙi. Shi ya sa magina suka yi rububinsa. Yana nan a ginshiƙan majami'ar Westminster da ta Salisbury. An daɗe ana muhawara ko a kusa da mahaƙa ake sassaƙa duwatsun kabarin, ko sai sun isa hannun mai saye. Na cikin jirgin nan an riga an yi musu zane, amma ba a goge su ba. Da alama aikin raba shi ake yi: sassaƙa a gida, guga a can inda za a kafa.

Katakon jirgin ma ya yi magana. Da aka ƙirga zoben shekarun da ke jikinsa, aka gano itacen daga ƙasar Ayalan yake, an sare shi tsakanin 1242 da 1265. A tekun Ingila akwai tsutsar da ke cin katako kamar yadda gara ke cin azara, don haka da wuya a samu jirgin wancan zamani da sauran gangar jiki. Wannan ya tsira ne saboda nauyin duwatsun ya danne katakon, yashi ya binne shi.

A 2022, bisa shawarar hukumar Historic England, gwamnati ta sa wurin a ƙarƙashin dokar kare jiragen da suka nutse ta 1973. Yanzu ba mai nutso a wurin ko ɗaukar ko da tsinke sai da lasisi. Madalla, amma doka ɓarawo take hanawa, ba ta hana igiyar ruwa kwashe yashi. Kuma duk dutsen da aka ɗaga, an yaye wa katakon da ke ƙasansa mayafi ke nan.

A 2024 aka fito da biyu daga cikin duwatsun kabarin, domin a tsarkake su daga gishiri a ajiye a gidan tarihi na Poole. A ganina hakan daidai ne: a ciro kaɗan don jama'a su gani, a bar sauran a kan katakon, a kuma ware kuɗin da masu nutso za su riƙa leƙa shi kowace shekara.